Shekarar da Na Cike Ramin Dukhan

Sa'adiya, da ke nake a wannan babin, ko da yake Usman da Amna ma su buɗe kunne. Ranar da muka yi magana ta waya kin sake faɗa, kina dariya, wai ke ce amaryar da uwarta ta fifita ɓeraye a kanta. Ni na haife ki, na san dariyarki. Akwai wadda take fitowa daga ciki, akwai wadda kike yi don kada a gane abin yana cin ranki har yau. Yanzu da yaƙi ya watsa mu, ni ina Gadarif a gidan Usman, ke kina wata ƙasa, gidanmu na Omdurman kuma Allah kaɗai ya san wanda yake kwana a cikinsa, gara in faɗi yadda abin ya faru tun bakina yana motsi.

Saboda jikokina da ba su ga gidan ba, bari in fara daga ramin. Kakanninmu daga ƙasar Haɗeja suka taso da niyyar hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon bai tashi ba har aka haife ni. Sana'ar dukhan wurin mahaifiyata na gaje ta. Rami ne a tsakar gida, a hura itacen ɗalha a ciki, mace ta shafe jikinta da mai, ta zauna kan tabarma mai huda a tsakiya, a lulluɓe ta da bargo mai kauri, hayaƙin ya ratsa ta har fatarta ta yi laushi ta ɗauki ƙamshi. Amarya takan yi makonni tana zama kafin biki. Ba yabon kai ba, ramina sananne ne. Daga unguwannin Sahafa da Kalakla na Khartoum mata suke tsallako gada su zo wurina, alhali akwai masu dukhan a ƙofar gidajensu. Da ramin nan na yi muku kayan makaranta, da shi na sa mana firji, kuma duk wanda ya shigo layinmu da hancinsa yake gane gidan Um Usman.

Mahaifinku, Malam Idrisu, ɗinkin markub yake yi a kasuwa, takalmin fata irin na maza. Mutum ne mai surutu, wanda in ya fara ba mai saye labari sai mai sayen ya manta da abin da ya kawo shi. Wata safiya ya faɗi a rumfarsa da basilla a hannu. Aka kawo mini shi daga asibiti ɓarin dama ya shanye, baki ya tafi. Likita ya ce hannun yana iya dawowa in ana motsa shi, maganar ma haka, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Da muka iso gida ya ɗauki ƙwallon da hannun hagu ya wurga ta kan rufin rakuba, rumfar zana da muke hutawa a ciki, ya juya fuska bango. Abinci sai na yi da gaske yake karɓar loma biyu uku. Na yi zaman aure da mutumin nan fiye da rabin rayuwata, na san ba ciwon kaɗai ba ne. Ya ga kansa a kwance ana goge masa baki, ya yanke shawarar tafiya. Ga kuma bikinki an sa bayan Babbar Sallah, har ƙanensa Haruna ya fara magana a matsayin wanda zai ba da ke. Tsoron da nake kwana da shi, nake tashi da shi, shi ne kada a yi bikin nan babu shi.

Ana cikin haka Malam Sani ya zo sallama. Mutumin Maraɗi ne, ya zo karatu Khartoum da matarsa da 'ya'yansa, yakan zauna a rumfar mahaifinku don su yi Hausa irin ta can gida. Ya gama karatu za su koma, sai ga shi da kwali mai huji huji. Ɓerayen Masar ne guda biyu, na 'ya'yansa, duka mata, ɗaya ja kamar dabino suna ce mata Balaha, ɗaya fara suna ce mata Auduga. Ba a shiga jirgi da su, yaran kuma sun yi kuka sun ce sai dai a kai su gidan Baba mai takalma. Kunya ta sa na karɓa. A raina kuwa na gama shirya cewa jirginsu na tashi zan nemi wanda zan maƙala wa. Yaya Zainabu, yayar mahaifinku da take zuwa kullum taya ni jinya, ta leƙa kwalin ta tambaya ko ana cin su. Na ce ban ji ba. Ta tambaya ko suna kama wani abu, ko suna gadi. Na ce a'a.

"To baƙi aka kawo miki ke nan, ya Hawwa," in ji ta. "Allah ya ba ki abin ciyar da su."

Matar Malam Sani ta gargaɗe ni cewa zafi yana kashe su. A gidanmu kuwa wuri mai sanyi ɗaya ne, ƙarƙashin zir, randunan ruwanmu da suke kan ƙarfe a bakin rakuba suna ɗiga dare da rana. Nan na sa kafinta ya yi musu akwati mai faɗi, ƙasansa katako, samansa waya saboda magen maƙwabta, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Abin da ban sani ba shi ne halittun nan suna da baki. Da zarar sun ji motsin leda sai su miƙe da ƙafar baya su kama fito, wani siririn kuka kamar na yaron da ya ga mai alawa. Washegari na shigo da barsim, ɗanyar ciyawar da ake sayar wa masu awaki, suka fara fiton nan, sai na ji gadon igiya ya yi ƙara. Malam ya juyo. Tun da aka kawo shi daga asibiti bai kalli wani abu da son ransa ba sai ranar. Na yi kamar ban gani ba, na ajiye barsim ɗin a gefen gadonsa na shiga kicin. Da na leƙo, yana miƙa musu da hannun hagu.

Kwana kaɗan na ce za a share rakuba, na sa Usman ya juya gadon, akwatin ya koma ta damansa. Ya harare ni, don ya gane. Ya yi ƙoƙarin miƙa hagu ta kan ƙirjinsa, ba ta kai ba. Su kuwa ba ruwansu da ciwon kowa, fito kawai suke yi. Haka ya riƙa ɗora hannun dama da na hagu kamar mai ɗaga kaya, ya tura ganye da bayan yatsu, rabi ya zube ƙasa. Sannu a hankali yatsa biyu suka fara kamawa. Na kuma lura in suna ci yana ci, sai na daidaita lokacin abincinsa da nasu. Ku a lokacin kuna fita da safe ku dawo da yamma, kuka ce maganin likita ne da rubutun Baffa Haruna. Ban musa muku ba.

Sai lokacin amare ya kama, ramina yana ci safe da yamma. Auduga ta fara atishawa, hancinta yana ruwa, numfashinta yana wani ƙara. Yaya Zainabu ta ce ido ne. Matan nan da suke shigowa, in ji ta, kowace sai ta tsaya ta ce kai Malam ya samu sauƙi, kai farar nan kyakkyawa ce, babu mai cewa masha Allah. Ranar da na fita sayen itace ta yi abin da kowace uwa a Omdurman take yi wa yaro marar lafiya. Ta zuba garwashi a kasko, ta sa turaren tsari, ta ajiye a bakin akwatin, ta lulluɓe duka da mayafinta don hayaƙin ya shige su sosai. Kada wanda ya zarge ta a cikinku. Da hannun nan da kaskon nan ta turara ku duka ukun kuna jarirai, kuma don son ƙanenta ta yi. Kafin la'asar Auduga ta mutu. Malam ya ga an ɗauke ta, ya juya bango, ya ƙi abincin dare, ya ƙi na safe. Balaha ma ta shige lungu ta daina ci, ta daina fito. Gidan ya koma yadda yake a makon farko.

Ni da ban taɓa kai ko akuya wurin likita ba, na sa ɓera a kwando, na rufe da jiƙaƙƙen tawul, na hau mota na tsallaka gada. Matan cikin motar suna tambaya ko 'yan tsaki ne, na ce e. Likitar dabbobin mace ce, sa'ar Usman. Tun kafin ta buɗe kwandon ta shaƙi mayafina ta yi murmushi.

"Hajja, dukhan ake yi a gidanku?"

Na ce ni ce ma mai ramin. Ta ce to ga ciwon nan. Huhunsu ƙarami ne, hayaƙin da mu muke jin daɗinsa su shaƙe su yake yi, turare ma haka. Ta sa wa Balaha abin sauraro a ƙirji kamar mutum, ta ba ni magani na ɗigawa a baki, ta kuma ja mini kunne kada in kuskura in fasa kafso irin namu in zuba mata a ruwa yadda muke yi wa kaji, don wasu daga ciki kashe su suke yi. Daga nan ta shiga karanta mini dokoki, ina zaune kamar sabuwar amarya gaban uwar miji. Haƙoransu ba sa daina tsiro, dole busasshiyar ciyawa ta kasance a gabansu koyaushe su riƙa tauna, in ba haka ba haƙori ya yi tsawo ya hana su ci. Jikinsu ba ya haɗa wani sinadari da ake samu a ɗanyen ganye, don haka kullum sai koren tattasai ko ganyen jarjir da muke sawa a salat, ba ranar hutu. Barsim kaɗan kaɗan, yawansa yana sa musu tsakuwa a mafitsara. Ban da albasa, ban da ɓawon dankali, ban da busasshiyar kisra, siririyar gurasarmu ta dawa, da ragowar miya da nake zuba musu kamar tantabaru. A yanke musu farce, a sauya shimfiɗa kafin ta yi wari. Ta ƙare da cewa ba sa zama su kaɗai, in ban nemo wa Balaha 'yar'uwa ba kewa za ta ƙarasa abin da hayaƙi ya fara. Abin da na biya ranar, da mota da magani, ya fi kuɗin ɓeran kanta. Na tambaye ta game da ramin, ko akwai dabara.

"Ko ramin ko su, ya Hajja. Tsakar gida ɗaya ba ta ɗaukar duka biyun."

Kada ki ɗauka daga jin haka na sallama, Sa'adiya. Na nemo wata mai tabo baƙi da fari a kasuwar tsuntsaye, muka sa mata Baƙuwa, sannan na gwada duk abin da kika ce me ya sa ban gwada ba. Na kai su ɗaki, ɗakin kuwa rufin kwano ne, in an ɗauke wuta da rana ko mutum ba ya iya zama, na tarar da su sun baje suna haki. Na kai su gidan maƙwabciya lokacin da ramin yake ci, su babu zir a inuwa, ga yara suna ta ɗaga su, ga shi duk ranar da akwatin ya bar gefen gadon mahaifinku ba ya buɗe baki ya ci. In an dawo da su kuma hayaƙin yana nan maƙale a zanar rakuba. Na yi tunanin in ari rami a wani gida, amma dukhan ba aikin da ake bari a tafi ba ne, sai an zauna ana lura da wuta, wa zan bar wa Malam? Na kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku da hantsi na kira mai amalanken jaki ya kawo yashi, na tsaya a kansa har ya cike ramin da mahaifiyata ta nuna mini inda za a haƙa. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga kicin.

Kin dawo da yamma kika ga wurin a shafe. Saura 'yan makonni ki fara naki zaman. Tun kina ƙarama kike cewa ranar da za ki zauna a ramin Yumma, wato ramina, sai duk unguwa ta sani, na kuma ɓoye miki itacen da ya fi kowane kyau.

"Yumma, saboda ɓera?" kika ce. "Amaren mutane kin yi musu, ni taki sai ki tura ni gidan wata?"

Na ce miki saboda mahaifinki ne. Kika ce Yaba ya shekara talatin yana shaƙar hayaƙin nan bai taɓa tari ba. Gaskiya kika faɗa, ni kuma ban iya yi miki bayani ba, don yana kwance a nan yana jin mu, kuma namiji irinsa ba a cewa a gabansa ɓeraye ne suke riƙe da ransa. 

Gidan Hajja Batul kika je, wadda ta yi shekara da shekaru tana cewa itacena jiƙaƙƙe ne. Ni da kaina na ɗauki itacen da na ɓoye miki na kai mata, na gaishe ta, na roƙe ta ta kula da ke. Ta karɓa da fara'a har kunne, kafin magariba kuwa babu gidan da bai ji cewa 'yar Um Usman tana zaune a raminta ba. A gidan biki mata suna tambayata lafiyar 'yan autana, suna ƙunshe dariya. Amaren da na mayar ba su dawo ba, ƙannensu ma can suka bi. Na koma yin ƙunshi, wanda bai kai rabin abin da rami yake kawowa ba, ga koren tattasai kullum ko ya yi tsada, ga ciyawa, ga komawa wurin likita da farcen Baƙuwa ya karye ya kumbura. A watannin zafi nakan jiƙa buhu in rufa a kan akwatin, in akwai wuta in daskarar da ruwa a gora in naɗe da tsumma in sa musu su jingina, mu kuma mu sha ruwan zir. Awarwarona biyu da kuka daina gani a hannuna, can suka tafi, su da kayan bikinki. Na ji zafin abin, ban kuma daina jin sa ba.

Amma Balaha ta warke, ta koma fito, Baƙuwa ta koya a wurinta har ta fi ta. Mahaifinku ya juyo. Ya kai ga tsinke ganyen barsim ɗaya ɗaya daga kara, sannan yaga tattasai, sannan ɗaga Balaha ya ɗora a ƙirjinsa tana gurnani. Wata safiya na tsaya surutu da mai madara a ƙofa, su suna ta fito, sai na ji wata murya mai nauyi daga rakuba, kamar ana jan ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Barsim."

Shekara talatin da wani abu ina dafa wa mutumin nan abinci, kalmarsa ta farko ba sunana ba ce, ciyawar awaki ce. Na bar mai madara da kwano a hannu. Daga ranar kalmomi suka riƙa dawowa, yau ɗaya gobe biyu, yawancinsu faɗa ne a kan na makara da ganye ko ban sauya shimfiɗa ba. Da ya fara takawa da sanda, tafiyarsa ta farko daga gado zuwa zir ce, don ya duba ko buhun ya bushe. Da bakinsa ya ɗan saki, abin da ya fara roƙona shi ne kada in gaya wa yara ɓera ya tashe shi. Na riƙe masa wannan har ya koma ga Allah, na ƙara riƙewa bayansa don na saba. Yanzu ina ganin ya isa.

Ranar ɗaurin aurenki kina ɗaki da ƙunshi a hannu da ƙafa, ƙawayenki sun kewaye ki, ba ki ga fitarsa ba. Ni na gani. Baffa Haruna ya zo da shirinsa na wakili, ya tarar da yayansa zaune a bakin gado da farar jallabiya, ya sa markub ɗin da ya ɗinka da hannunsa kafin ya faɗi, yana jira a naɗa masa rawani. Haruna ya ce ya huta, ai an gama magana shi zai tsaya. Malam ya girgiza kai. Kafin ya fita sai da ya tsaya a bakin zir ya tsinka musu ganye, ina ce masa zai ɓata riga. Abin da ya faru a masallaci Usman ne ya ba ni labari, ki tambaye shi, yana nan kusa da ni. Ya ce da aka zo wurin ba da ke, Yaba ya ɗaga hannun dama shi kaɗai, ba tare da na hagu ya taya shi ba, ya sa a hannun wakilin ango. Kalmomin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana nemo su, liman bai gaggauta shi ba har ya kai ƙarshe ya ambaci sunanki.

Bayan nan ya ƙara shekaru da mu, ya ga ɗanki na fari, ya yi masa huɗuba da bakinsa. Balaha da Baƙuwa sun tsufa sun riga shi tafiya, shi ya ce a binne su a inda ramin yake. Ban sake haƙa shi ba.

Na san abin da na hana ki, Sa'adiya, kuma ba zan ce ƙaramin abu ba ne, don ni ma na so in ga kin zauna a ramin kakarki. Amma hayaƙin Hajja Batul ya bar jikinki tun kafin ki yi wata uku a ɗakinki. Hannun da ya ba da ke kuwa na mahaifinki ne, na dama, da koren barsim a ƙarƙashin farcensa.